Sunan da Ban Kira Ba a Kwanar Ƙarshe

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koya wa 'ya'yan mutane gudu a Kankiya, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin na ji nauyin buɗe baki. Duk wanda ya saba bi ta bayan filin makarantarmu da sassafe ya san muryata tun kafin ya san fuskata. Sunan yaro, sunan ubansa, in raina ya ɓaci har da na unguwarsu, duk nakan haɗa in kwaɗa masa daga wannan gefen fili zuwa wancan. Suna ɗaya ne ya gagare ni, sunan ɗana na fari. A kan wannan sunan na yi asarar da har yau ban mayar ba.

Ni ma ɗan fari ne. An haife ni a wata ruga kusa da Mawashi, a ƙasar Kusada. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, makiyayi ne mai 'yan shanun da ba su taka kara sun karya ba, yana ɗan taɓa noman gero a gefe. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa a gaban idonsa ko a bayansa. Maƙwabtanmu Hausawa ma suna wannan alkunya, amma su sukan laƙaba wa yaron wani suna su riƙa kiransa da shi. Mu ko wannan ba mu yi. In Baffa zai aike ni, sai ya dubi bijimin da ke kusa da shi ya ce, "A kai su rafi tun rana ba ta yi ba." Ni kuma in ɗauki sanda, don na san ba da bijimin ake ba.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na tashi na tarar, haka aka yi wa Baffa shi ma. Amma yaro yaro ne. Ina ganin ƙannena suna hawa cinyarsa suna jan gemunsa, ni kuwa ina daga nesa ina gyara igiyar maruƙan da ba ta buƙatar gyara.

A wurinsa na koyi gudu, ko da yake da za a gaya masa haka da ya yi dariya. Ranar kasuwar Kankiya yakan tashi bayan asuba, ni ina biye, mu kama hanya da sassarfa. Ba gudu ba ne sosai, ba kuma tafiya ba ce. Takunsa gajere, bakinsa a rufe, sanda a gicciye bisa kafaɗa, kuma tun daga ruga har bakin kasuwa ba zai waiwaya ya ga ko ina nan ba. Da farko abin yana yi min ciwo. Daga baya na lura duk lokacin da numfashina ya fara sarƙewa, sai takunsa ya ragu kaɗan ba tare da ya juyo ba. Ashe da kunne yake kula da ni. Wata rana na ji yana gaya wa wani abokinsa cewa makiyayin da sai ya waiwaya yake sanin abin da ke bayansa bai gama koyon kiwo ba.

Shigata makaranta ma alkunyar ce ta jawo. An aiko daga wurin mai gari cewa kowace ruga ta ba da yaro ɗaya. Wa zai buɗe baki ya ce yana ji da ɗansa na fari har ba zai iya rabuwa da shi ba? Ni aka miƙa.

Da na kai sakandare a Kankiya na faɗa hannun malamin wasanninmu, wani tsohon soja gajere mai faɗin ƙirji, wanda ko masallaci da usur a wuya yake zuwa. Mutumin nan ya iya faɗa kamar ya ci babu. Amma ranar da na fara zagaya fili a gabansa, ina shan kwanar ƙarshe sai na ji an rangaɗa sunana da ƙarfi, aka biyo da, "Haka ake yi, ɗan Fulani." Ban taɓa jin babban mutum ya kira ni don na yi abin kirki ba. Na ƙarasa gudun, na zagaya bayan aji, na yi kuka har na gode Allah. Da ya tarar da ni ya ɗauka cikina ke ciwo, ya ce in je in sha kanwa.

Shi ya koya min tsarin da na yi aiki da shi duk rayuwata. Ɗan gudunsa ba ya waiwaye, ko da kura ce a bayansa. "Ba a haɗa gudu da susar gindi," in ji shi. Ka kama takunka, ka adana ƙarfinka, shi kuma zai tsaya a kwanar ƙarshe ya zama idonka na baya. In ba ka ji komai ba, to kana nan lafiya, ka ci gaba yadda kake. In ka ji sunanka, an taho maka, sai ka saki duk abin da ka ɓoye. Ya zaɓi suna ne saboda ranar gasa kowa ihu yake, kowa usur yake busawa, amma kunnen mutum yakan tsinci sunansa ko a tsakiyar kasuwa. Na ga abin ya zo daidai da na Baffa, sai na rungume shi hannu biyu. Da na gama kwalejin malamai na dawo makarantar, tsohon ya yi ritaya ya bar min filin.

Na yi aure, Allah ya ba mu ɗa namiji. Na yi masa abin da aka yi min, ban ƙara ba ban rage ba. Da aka yaye shi aka kai shi ruga wurin Baffa da Inna, kamar yadda ake yi. A nan na ga abin da ya ba ni mamaki. Baffan da bai taɓa dubana ido cikin ido ba, ga shi yana rarrafe a ƙasa yaro na bisa bayansa. Sunan yaron kuwa a bakinsa ya fi sau ɗari a wuni. Yana ce masa ɓarawon mata, wai ya zo ya ƙwace masa Inna, yaron yana rama masa da tsoho mai ran ƙarfe. Zan faɗi gaskiya, na yi kishin ɗan da na haifa. Nakan je gaisuwa in durƙusa daga nesa, in ji dariyarsu, in hau kekena in dawo raina ba daɗi.

Da ya isa shiga sakandare ya dawo wurinmu. Wata safiya na fito da yarana 'yan gudu hanyar Fakuwa, inda muke dogon gudu tsakanin gonaki, sai na ga wani dogo siriri a ƙarshen layi, ba takalmi. Bai nemi izinina ba, ni ma ban ce masa komai ba. Kafin mu juyo ya wuce kowa. Taku gajere, baki a rufe, kai a tsaye. Baffa sak. Malamai suka riƙa tsokanata da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuma ina ɗaure fuska ina cewa akwai sauran aiki a kansa. A cikina kuwa na san ban taɓa riƙe ɗan gudu kamarsa ba, kuma ban ƙara ba har na bar aiki.

A fili yana ce min Malam, a gida Baba. Ni kuma ina ce masa kai, ko wannan, ko in dubi yaron da ke kusa da shi in ce, "A gaya wa na bayanka ya sauke kafaɗa." Matsalar kwanar ƙarshe na warware ta cikin sauƙi. Akwai malamin lissafi, abokina, mai son wasanni, wanda ke riƙe mana agogo. Duk ranar gasa yakan tsaya kusa da ni. In lokacin kiran ɗana ya yi, sai in taɓa kafaɗarsa, shi kuma ya kira. Shekara huɗu muna haka. Ya sha ce min, "Malam, wai kai sai yaushe? Wannan ai fili ne, ba ruga ba." In ce masa ya kula da agogonsa.

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo gasar shiyya filinmu, bayan an yanke gero. A gudun mita dubu biyar mutum biyu za a ɗauka su tafi Katsina, kuma wanda ya yi abin kirki a can ƙofofi sukan buɗe masa, karatu ko aiki. Daga wannan shekarar ya bar makaranta, ba shi da wata gasar. Kwana uku muna ja wa fili layi da toka, ni da yarana.

Ranar da hantsi, ina tsakiyar rabon lambobi, na hango malafa da sanda a bakin ƙofar makaranta. Baffa ne. A lokacin ya tsufa, idonsa ya fara rauni, wani maƙwabcinsa ne ya ɗauko shi a babur. Duk gudun da na yi a samartakata bai taɓa zuwa kallo ba, ko sau ɗaya. Yau ga shi ya zo ganin jikansa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban wata bishiya. Na sa aka kawo masa kujera a inuwa, ya ƙi zama. Bai san kowa a wurin ba sai ni, don haka duk inda na nufa yana biye da ni daga ɗan nesa.

Ana saura kaɗan a fara, alƙalan gasa suka ce ba su da isassun masu ƙirga zagaye, suka janye malamin lissafi zuwa wurin layin ƙarshe. Ya dube ni, na ce ya je ba komai. Ɗana ya ga abin da ya faru. Ya zo yana ɗaure igiyar takalminsa, bai ɗago ba ya ce, "Malam, wa za ya kira ni?"

Na ce, "Za a kira ka."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. Ya yi ɗan murmushi ya tafi layi. Wallahi a lokacin da niyyar kiransa na faɗa. Har na gwada sunan a zuciyata sau biyu, na ji ba wani abu ba ne.

Na je na tsaya a kwanar ƙarshe. Baffa ya zo ya tsaya a damana, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, ya dogara da sandarsa. Tun da nake ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba.

Aka tashi. Akwai wani yaro daga wata makaranta da kowa ya san ba a kama shi a ranar, mun riga mun bar masa na ɗaya. Na biyu muke nema, kuma tun daga zagaye na shida ɗana ya zauna a wurin, ya ba na bayansa rata mai kyau. Yana tafiya yadda na koya masa, bai kashe ƙarfinsa ba. Duk wucewar da zai yi ta gabanmu sai in ji Baffa ya yi ɗan gyaran murya. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, wani gajeren yaro da ke na uku ya fara tahowa. Na gan shi tun daga can gefen. Ratar tana raguwa, tana raguwa, takunsa kuma ba ƙara, ga ihun mutane. Ban damu ba, don na san abin da ɗana ya ɓoye. Kira ɗaya ya isa.

Suka shigo kwana. Ɗana ya zo daidai inda nake, har na ga ya ɗan karkato kunnensa wajena. Na cika ƙirjina da iska, na buɗe baki. Sai na ga farar rigar Baffa ta gefen idona. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Yaya zan kwaɗa sunan ɗan farina a kunnen mutumin da ya shekara hamsin bai kira nawa ba? Ban yi wannan tunanin dalla-dalla a lokacin ba, jikina ne kawai ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Kai. Kai yaro." A filin da mutum ɗari ke cewa kai, wannan ba kira ba ne.

Ya wuce da takunsa, bai ƙara ba. Gajeren ya zo ta damansa saura 'yan taku a kai layi. Sai a lokacin ɗana ya gan shi, ya yunƙura, amma fili ya ƙare. Da ƙirji aka wuce shi.

Na ɗaya ya zube a ƙasa, na biyu yana amai. Ɗana kuwa yana tsaye, ko hannu bai ɗora a gwiwa ba. Duk wanda ya san gudu ya ga ƙarfinsa na nan a jikinsa bai taɓa shi ba. Wannan tsayuwar tasa ta fi komai yi min ciwo, har yau ita nake gani.

Ya tako ya durƙusa ya gaida kakansa. Baffa ya kira sunansa, ya dafa kansa, ya ce ashe ɓarawon mata ma ana kama shi. Yaron ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya juyo wajena, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Malam, ina ta saurare."

Da na yi shiru ma da ya fi. Amma ni mutum ne mai zafin kai, kuma in kunya ta kama ni faɗa take zama. Na ce, "Tun zagaye na tara hannunka ke yawo. Wanda ya iya gudu ba ya jiran a yi mashi ihu." Ni da na shekara huɗu ina hana shi waiwaye. Ya ce, "To, Malam." Ya ɗauki rigarsa ya tafi.

Malamin lissafi ya iso ransa a ɓace. Bai kula ni ba, ya gaida Baffa, Baffa ya tambaye shi me ya sa yaron bai ƙara wuta ba alhali da sauransa. Malamin ya bayyana masa tsarin gaba ɗaya, yadda suna yake alama, da yadda shi ne mai kira aka janye shi. Baffa ya yi ta caka sandarsa a ƙasa. Can ya ce, yana duban malamin, "Da an hwaɗa man, ai da ni na kira shi. Jikana ne, ba kunya tsakaninmu. In ko ba haka ba, in matsa can in ba mutane wuri." Sannan ya ƙara, "Kunya don a girmama mutum anka yi ta. Ba a yi ta don a kada yaro ba."

Taku biyu ne tsakanina da shi tun farkon gudun. Zagaye goma sha biyu da rabi ina da lokacin da zan juya in ce, Baffa, in na taɓa ka, ka kira shi. Ko a raina bai zo ba, don ban taɓa fara yi masa magana ba sai gaisuwa.

Ɗana ya gama makaranta ya ba wani ƙaramin ɗan gudu takalmansa. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Ya bi motocin shanu zuwa kudu, daga baya ya samu abin yi ya zauna can. Baffa ya rasu damina biyu bayan haka. A jinyarsa na yi ta zama a bakin ƙofar ɗakinsa ina jiran ko zai ce wani abu, ya tafi bai ce ba, ni ma ban ce ba. Na ci gaba da aikina, na fitar da yara da yawa, wasu sun je inda ɗana bai je ba, alhali ba su kai shi ba. Duk wanda na kira a kwanar nan sai na ji abin ya soke ni. Ɗana yana bugo waya duk Juma'a, ladabinsa ba abin da ya ragu. Lafiya lau, ya aiki, ya mutan gida, a gaida Inna. Maganar gudu ba ta sake haɗa mu ba.

Bara bayan Babbar Sallah ya zo da matarsa da ɗansu na fari, yaro ɗan shekara uku. Tun daga zaure yake kiran yaron da sunansa, yana saɓa shi a wuya, yana ba shi abinci a baki. Matan gida suka yi ta yi masa tsiya, wai zaman kudu ya cire masa kunya. Ina daga ɗaki na ji ya ce musu, "To don mi anka raɗa mashi sunan, in ba don a kira ba?" Da dariya ya faɗa, kuma ban ce da ni yake ba. Amma kwanan da suka yi duka ina juya maganar.

Ranar komawarsu na ce zan raka su tasha. Uwar ɗana ta dube ni, don ban taɓa yi ba. A hanya na shirya abin da zan faɗa, na rushe, na sake shiryawa. Muka isa, aka ɗaure kaya, ya durƙusa ya yi min sallama, na ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan abin da ya fito. Ya shiga ya zauna ta taga, yaron a cinyarsa. Mota ta cika, direba ya tayar, ta fara mirginawa wajen ƙofa.

Na kira shi. Da muryar nan tawa ta fili, cikakken sunansa, sau ɗaya. Har mai shayin da ke gefe ya zabura.

Ya ji. Na ga ya ɗago da sauri ya leƙo ta taga. Ya dubi ɗan kamasho, ya dubi 'yan acaɓan da ke bakin ƙofa, ya dubi rumfar mai shayi. Idonsa ya biyo ta kaina, ya ɗaga min hannu cikin ladabi, ya wuce yana neman wanda ya kira shi. Yana cikin dubawa motar ta hau titi.

Washegari da hantsi ya bugo ya ce sun sauka lafiya. Muka gaisa kamar kullum. Har zai ajiye sai ya ce, "Baba, jiya a tasha kamar na ji wani ya kira ni. Ko ka ga ko wane ne? Kada ya zam wani abokina ne ya ce na share shi."

Uwarsa na zaune kusa da ni tana tsince wake, ta dakata. Na riƙe wayar, na ji numfashinsa yana jira. Na ce masa ban lura ba, tasha ce, mutane da yawa.

Ya ce haka ne. Ya ce a gaida mutan gida.